Sharhi: Legas na faɗaɗa, baƙi na ƙaruwa, ina makomar mai ƙaramin ƙarfi?

Tun kafin a kira assalatu, manyan motoci ɗauke da tumatir da albasa da tattasai suke fara jerin gwano a bakin kasuwar Mile 12 da ke Legas, bayan sun shafe kwana biyu ko uku a kan hanya daga Kano da Katsina da Sakkwato da Jos. Ba kayan gwari kaɗai suke saukewa ba. A saman lodi akan ga matasa sun diro, kowanne da 'yar jakarsa da lambar wayar wani ɗan garinsu da ya riga shi zuwa. A daidai wannan lokaci kuma, motocin safa daga Onitsha da Aba da Kalaba suna sauke nasu fasinjojin a Jibowu da Ojota. Kaɗan ne daga cikin waɗannan mutane suka zo da niyyar komawa gida a makon da suka zo.

Wannan kwarara ta jama'a ta daɗe tana gudana. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne tsadar da baƙo yake tararwa a bakin ƙofa, da nisan da ke tsakanin inda zai iya kama ɗaki da inda zai sami aiki, da kuma yawan dokokin da ke rufe sana'o'in da sabon zuwa ya saba farawa da su. Tambayar da ke gaban hukumomi ita ce yadda birnin da ke cin moriyar ƙwadagon baƙi zai sama musu gurbi a cikin tsarinsa.

Birnin da ya tsallake iyakarsa

Jihar Legas, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Mayun 1967, ita ce mafi ƙarancin faɗin ƙasa a cikin jihohin Najeriya 36, kuma wani babban yanki na ƙasar tata ruwa ne da fadama. A ƙidayar 1963, mutanen birnin ba su wuce kimanin 665,000 ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9 da 'yan kai, adadin da gwamnatin jihar ta yi watsi da shi, tana mai cewa nata lissafin ya haura miliyan 17. A yau jami'an jihar suna maganar sama da miliyan 20. Tun da aka ɗage ƙidayar da aka shirya yi a 2023, duk wani tsari na gidaje ko ruwan sha ko makarantu da ake yi wa birnin a kan ƙiyasi yake tsaye.

Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, cunkoson Legas yana cikin manyan dalilan da kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya bayar. An kammala ƙaura zuwa Abuja ranar 12 ga Disambar 1991, amma Legas ba ta rage ba. Tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can sun zauna inda suke, haka ma hedikwatocin yawancin bankuna da masana'antun Ikeja da manyan kasuwanni irin su Alaba da Balogun. A 2023 kuma aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki da matatar man Dangote, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a rana. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a 2023 Legas ta tara kuɗin shiga na cikin gida sama da naira biliyan 800, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da jihohi duka da Abuja suka tara. Inda kuɗi suka taru haka, can masu neman na abinci za su dosa.

Da yake ƙasa ta yi ƙaranci, birnin sai ya riƙa miƙewa ta kowace kusurwa: gabas zuwa Ajah da Ibeju-Lekki da Epe, yamma zuwa Badagry, arewa kuma ya tsallake iyaka ya shiga jihar Ogun. Garuruwan Mowe da Ibafo da Magboro da Akute da Sango-Ota a taswira na Ogun ne, amma da yawa daga mazaunansu a Legas suke wuni. Can suke aiki, nan suke kwana, kuma babu gwamnatin da ke ganin ɗawainiyarsu gaba ɗaya a wuyanta take. A watan Mayun 2021, gwamnonin jihohin biyu, Babajide Sanwo-Olu da Dapo Abiodun, sun sa hannu a yarjejeniyar kafa hukumar raya ƙasa ta haɗin gwiwa, amma halin da titunan unguwannin kan iyaka ke shiga da damina ya nuna cewa da sauran tafiya.

Tsohuwar alaƙa da Arewa

Zaman Hausawa a Legas ya girmi Najeriya kanta. Bayan Turawan Ingila sun karɓe birnin a 1861, John Glover ya kafa runduna mai ɗauke da makamai da Hausawa, wadda ake lissafawa a cikin tushen sojojin ƙasar nan, kuma tarihin unguwar Obalende yana da nasaba da waɗannan dakaru. Isar layin dogo Kano a farkon shekarun 1910 ta buɗe sabon babi: shanu da fatu da gyaɗa suka riƙa gangarowa kudu, goro yana haurawa arewa. Agege, wadda ke kan layin kuma take kewaye da gonakin goro, ta zama zango, har yau kuma tana da Sarkin Hausawa da unguwannin da aka haifi kakanni da jikoki a cikinsu. Idi-Araba da Alaba Rago da mahautar Oko-Oba duk rassa ne na wannan tarihi.

Waɗannan zangogi su ne ke yi wa sabon zuwa aikin da hukuma ba ta yi. A can yake samun wurin shimfiɗa tabarma a daren farko, da maigidan da zai tsaya masa, da jarin da zai fara tallan rake ko dako ko gyaran takalmi ko turin ruwa. Tsarin ya yi aiki shekara da shekaru saboda yawancin masu zuwa 'yan ci-rani ne, suna sauka bayan an yi girbi, su juya gida idan ruwa ya sauka. Yanzu lissafin ya canza. Hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato da wasu sassan Kaduna da Neja, da rikicin Boko Haram a arewa maso gabas, sun raba mutane da yawa da gonakinsu. Wanda ba shi da gonar da zai koma wa ya daina zama ɗan ci-rani, ya zama mazauni, kuma buƙatun mazauni sun fi na mai wucewa nauyi: ɗakin da zai ajiye iyali, makarantar yara, asibiti.

Kuɗin ɗaki kafin kuɗin abinci

Babban shingen farko shi ne haya. A Legas al'ada ce mai gida ya nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, wani lokaci ma shekara biyu. A kan wannan sai a ɗora ladan dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya, waɗanda yawanci kowanne yakan kai kashi 10 cikin 100 na hayar, sannan kuɗin ajiya saboda ɓarna. Ma'aikacin da ake biya wata-wata, balle ɗan dakon da ke samun nasa kullum-kullum, dole ya tara abin da ya fi ƙarfin aljihunsa tun kafin ya karɓi makulli.

Dokar haya da jihar ta kafa a 2011 ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, sai dai ta keɓe Ikoyi da Victoria Island da Apapa da unguwar GRA ta Ikeja daga hurumin nata. A sauran unguwannin ma, inda masu neman ɗaki suka ninka ɗakunan da ake da su, ba kasafai ɗan haya ke kai ƙarar mai gida ba, domin akwai wasu a bayansa da ke shirye su biya. Hauhawar farashin da ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 ta ƙara tsadar siminti da rodi, masu gidaje kuma suka juye nauyin a kan 'yan haya. Mafi ƙarancin albashin da jihar ta amince da shi a 2024, naira 85,000, ya ɗara na tarayya da ke naira 70,000, amma bai shafi mafi yawan sababbin zuwa ba, tun da ba su cikin aikin albashi.

Sakamakon haka ana ganinsa ta fuska biyu. Wasu suna cunkusuwa mutum biyar ko fiye a ɗaki ɗaya a gidajen haya masu banɗaki guda a Mushin da Ajegunle da Agege, ko su kwana a shago da harabar masallaci da gine-ginen da ba a kammala ba. Wasu kuma suna matsawa bayan gari inda haya ke da sauƙi. Wanda ya yi sa'a ya sayi fili a can yakan haɗu da 'yan tsagera masu iƙirarin gadon ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, suna neman kuɗi a kowane mataki na gini, duk da dokar da jihar ta kafa a 2016 domin hana su. Rabon da wata gwamnati ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi da yawan da aka gani a zamanin Alhaji Lateef Jakande, daga 1979 zuwa 1983, an daɗe, har yau kuma rukunin gidajen da ke ɗauke da sunansa suna nan cike da jama'a.

Abin da aka rage a haya, hanya ta cinye

Mai zama a Ikorodu ko Mowe ko Iyana-Ipaja da ke aiki a Victoria Island yakan bar gida tun ƙarfe huɗu ko biyar na asuba, ya dawo bayan sallar isha'i. Guraben aiki sun taru a tsibiri da Lekki da Ikeja, hanyoyin shiga tsibirin kuma gadoji uku ne kacal, mafi tsawonsu ita ce Third Mainland mai kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin danfo ya bi ta. Rangwamen kashi 50 cikin 100 da gwamnatin jihar ta yi a motocinta a watan Agustan 2023 na wucin gadi ne.

An yi hoɓɓasa a wannan fanni. Motocin BRT sun fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, daga baya aka miƙa layin zuwa Ikorodu. Jirgin ƙasa na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023 a kan kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, na Red Line kuma mai kilomita 27 ya biyo baya a Oktobar 2024 daga Oyingbo zuwa Agbado, yana tsayawa a Yaba da Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege da Iju. Muhimmancin Red Line shi ne ya isa har cikin jihar Ogun, wato ya bi birnin inda ya miƙe a zahiri. Amma an makara matuƙa. Tun zamanin Jakande aka ƙulla aikin jirgin cikin gari, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, aka yi asarar kusan shekara 40. Layuka biyu da ba su wuce kilomita 40 ba a haɗe ba za su ɗauke nauyin birni mai wannan girma ba, shi ya sa har yanzu danfo da keke mai ƙafa uku ke jigilar mafi yawan jama'a.

Acaba da rusau

Babu inda saɓani tsakanin tsarin gwamnati da rayuwar baƙo ya fi fitowa fili kamar batun acaba. Dokar zirga-zirga ta 2012 ta hana babura bin tituna 475. A watan Fabrairun 2020 aka tsaurara haramcin, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka hana sana'ar ɗungurungum a ƙananan hukumomin Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, bayan kisan wani matashi a Lekki da aka zargi 'yan acaba da shi. A Satumbar shekarar aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu, aka kuma riƙa murƙushe baburan da aka kama. Hujjojin gwamnati, wato haɗurra da fashi da karya dokar hanya, ba ƙage ba ne, duk wanda ya san titunan Legas ya shaida su. Sai dai sana'ar ta bunƙasa ne saboda akwai unguwannin da mota ba ta shiga da kuma cunkoson da babur kaɗai ke ratsawa. Matasan da aka raba da baburansu, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, ba duka suka koma gida ba. Wasu sun matsa Ikorodu da Alimosho da garuruwan Ogun, wasu suka koma jari-bola ko gadi.

Haka lamarin rusau yake. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, inda aka ƙiyasta mutum 300,000 sun rasa matsuguni, filin kuma ya zama unguwar masu hali. An taɓa wani ɓangare na Makoko a 2012. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi Otodo-Gbame, inda ƙungiyar Amnesty International ta ce sama da mutum 30,000 abin ya shafa, kuma a watan Yunin 2017 babbar kotun jihar ta yanke cewa korar mutane ba tare da tuntuɓa da sake tsugunarwa ba ta saɓa wa tsarin mulki. Gaskiya ne gini a kan magudanar ruwa da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki haɗari ne, ambaliyar da ke tsayar da birnin cak kusan kowace damina ta isa shaida. Amma wanda aka rushe wa ɗaki ba a nuna masa wani ba, wata fadamar zai nufa ya sake kafawa, matsalar ta sauya unguwa kawai.

Ko a abubuwan yau da kullum ana ganin yadda birnin ke dogara da mutanen da bai tanadar wa komai ba. Ruwan famfo na gwamnati bai isa mafi yawan gidaje, don haka rijiyoyin burtsatse da 'yan ga-ruwa masu tura jarkoki a kura su ne ke cike giɓin. Ɓarkewar cutar kwalara a watan Yunin 2024 ta tuna wa kowa cewa ruwan da talaka ke sha a Agege ko Lagos Island lamari ne da ya shafi lafiyar birnin baki ɗaya.

'Yancin zama da zaman lafiya

Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini, na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Duk da haka, a watan Agustan 2019 jami'an jihar sun tsare wasu mutum 123 da suka taho daga Jigawa cikin babbar mota da babura 48, aka sake su bayan ba a same su da wani laifi ba. Irin wannan zargi na jimla yana da haɗari a birnin da ya ga rikicin Ketu a 1999, da na Idi-Araba a 2002, da na Mile 12 a 2016.

Dogaron ɓangarorin biyu da juna ya bayyana a farkon 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da nama ya tashi a Legas, a Arewa kuma kayan gwari suka karye suna lalacewa a hannun manoma. Babu ɓangaren da ya ci riba.

Abin da ya rage a yi

Mataki na farko shi ne sanin yawan mutanen. Ƙidaya ta ƙasa wajibi ce, kafin ta zo kuma rajistar mazauna da hukumar LASRRA ke yi za ta fi amfani idan aka haɗa kai da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin garuruwa, aka kuma tabbatar wa baƙo cewa katin hanya ce ta samun asibiti da makaranta, domin wanda ke tsoron kora ba zai kai kansa a rubuta sunansa ba.

Na biyu, ya kamata hukumar haɗin gwiwar Legas da Ogun ta sami kasafin kuɗi da iko a kan tituna da magudanan ruwa da sufurin garuruwan kan iyaka. Kammala kashi na biyu na Blue Line zuwa Okokomaiko da faɗaɗa jiragen ruwan fasinja zai rage wa mazauna bayan gari sa'o'in da suke asara a hanya. A ɓangaren gidaje kuwa, biyan haya wata-wata da iyakance ladan dillalai sun fi kusa da aljihun talaka fiye da rukunin gidajen da sai mai miliyoyi ke iya saya, kuma duk rusau ya kamata ya zo bayan sanarwa da wurin komawa, kamar yadda kotu ta faɗa.

Gwamnatin tarayya ma tana da nata kason. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya sani, yankunan raya ƙasa 37 da ta ƙirƙira ba sa samun kaso kai tsaye daga asusun tarayya, kuma Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin ba ta matsayi na musamman a 2016. Muhawarar tana da sarƙaƙiya ta siyasa, amma nauyin da birnin ke ɗauka na 'yan kowace jiha ne.

Mafi nauyin alhaki yana kan jihohin da matasan ke barowa. Muddin manomi a Zamfara ko Katsina bai iya zuwa gonarsa cikin kwanciyar hankali ba, muddin kuma masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano ba su farfaɗo ba, motocin da ke sauke tumatir a Mile 12 za su ci gaba da sauke matasa tare da shi, ko an hana acaba ko ba a hana ba.